Tangaɗin da Ba na Maye Ba: Tarihin Cutar Wernicke da Allurar Tayamin

A shekarar 1881 wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe mai suna Carl Wernicke, wanda a lokacin yake aiki a Barlin, ya wallafa littafinsa kan cututtukan ƙwaƙwalwa. A ciki ya kawo labarin marasa lafiya uku da suka mutu ta hanya iri ɗaya. Biyu daga cikinsu maza ne da suka daɗe suna shan barasa. Ta ukun budurwa ce 'yar shekara 20 mai sana'ar ɗinki, wadda ta sha asid irin wanda ake zubawa a batirin mota. Asid ɗin ya ƙona mata mafitar tumbi har ta tsuke, duk abin da ta ci sai ta amayar. Su ukun duka ƙwayar idonsu ta daina juyawa yadda ya kamata, tafiyarsu ta koma tangaɗi, hankalinsu ya dagule, kuma cikin kimanin mako biyu kowannensu ya cika.

Da aka buɗe ƙwaƙwalensu, Wernicke ya ga ɗigo-ɗigon zubar jini ƙanana kamar kan allura, jere a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, kewaye da kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi. Ya ɗauka kumburi ne, ya kuma raɗa wa cutar suna a kan haka. Bayanin da ya yi na alamomin ya tsaya daram har yau, amma dalilin ya kuɓuce masa, ko da yake yana gabansa. Budurwar ba ta shan giya. Abin da ya haɗa ta da mazan nan biyu shi ne jiki da ya daɗe bai sami abincin kirki ba. Sai da aka shafe kusan shekara sittin kafin likitoci su gane haka, kuma bayan sun gane, aka sake shafe wasu shekarun ana neman hanyar da wannan ilimi zai isa ɗakin agajin gaggawa a kan lokaci.

Mutumin da ya manta ya ci abinci

Shekara shida bayan littafin Wernicke, wani likitan mahaukata a Mosko, Sergei Korsakoff, ya fara fitar da jerin rubuce-rubuce, daga 1887 zuwa 1891, a kan wata larura da ya riƙa gani a jikin mashaya masu shanyewar ƙafafu. Mai wannan larura yana magana daidai, yana kafa hujja, yana tuna ƙuruciyarsa, amma abin da ya faru minti biyar da suka wuce ya ɓace masa ɗungurungum. Ba ya tuna ko ya ci abincin rana. Yana iya karanta shafi ɗaya sau da yawa, kowane karo kamar sabo. In aka tambaye shi inda yake jiya, sai ya ba da labarin tafiyar da ya yi zuwa gari, alhali ya yi makonni bai sauka daga gado ba. Kuma ba ƙarya yake nufin yi ba, ƙwaƙwalwarsa ce ke cike giɓi da abin da ta samu.

Korsakoff ya lura cewa ba mashaya kaɗai abin ke samu ba. Ya ga irinsa ga matan da suka haihu, da masu zazzaɓin taifot, da waɗanda amai ya daɗe yana damu. Sai ya yi zargin wata guba ce da ke yawo a jini. A babban taron likitocin duniya da aka yi a Mosko a 1897, Bajamushe Friedrich Jolly ya ba da shawarar a kira larurar da sunan Korsakoff, sunan kuwa ya zauna. Shi da Wernicke babu wanda ya haɗa abin da ya gani da abin da ɗan'uwansa ya gani. Korsakoff ya rasu a 1900, Wernicke kuma a 1905 sakamakon haɗarin keke, kowannensu yana ganin cutarsa daban take.

Akwai dalilin da ya sa aka daɗe a nan. Zamanin Pasteur da Koch ne, lokacin da kusan kowace shekara ake gano sabuwar ƙwayar cuta, kuma tunanin likita ya saba da cewa cuta wani abu ne da ya shigo jiki, ko ƙwaya ko guba. Cewa mutum zai mutu saboda rashin wani ɗan abu da nauyinsa bai kai na ƙwayar gero ba, wannan bai zo wa kowa a rai ba. Ga mashayi kuwa, gubar ma a fili take: ga kwalba nan a hannunsa. Aka bar jaki ana dukan taiki.

Amsar da ta fito daga buhun shinkafa

Bakin zaren bai fito daga asibitocin Turai ba. Ya fito ne daga gabashin Asiya, inda injinan casa masu amfani da tururi suka sa farar shinkafa gogaggiya ta yi araha, cutar beriberi kuma ta biyo bayanta, tana shanye ƙafafu, tana kumbura jiki, tana tsayar da zuciya.

Likitan sojan ruwan Japan, Kanehiro Takaki, wanda ya yi karatu a asibitin St Thomas da ke Landan, ya yi zargin abinci. Jirgin horaswa mai suna Ryujo ya dawo a 1883 daga doguwar tafiya zuwa Niyu Zilan da Kudancin Amurka da Hawai: cikin mutum 376, beriberi ta kama 169, ta kashe 25. A 1884 Takaki ya sa aka tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya guda, amma da abincin da aka ƙara wa nama da madara da sauransu. Cikin mutum 333, 14 kawai suka kamu, babu wanda ya mutu. Takaki ya ɗauka ƙarancin furotin ne matsalar, wanda ba haka ba ne, amma gyaransa ya yi aiki, musamman bayan an fara gauraya sha'ir da shinkafa. Likitocin sojan ƙasa, waɗanda suka yi karatu a Jamus kuma suka yi imani da ƙwayar cuta, suka ƙi bin sahu. A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, beriberi ta kama sojojin ƙasa fiye da 200,000, ta kashe kimanin 27,000.

A tsibirin Jaba kuwa, likitan Holan Christiaan Eijkman ya isa Batabiya, wato Jakarta ta yau, a 1886, cikin tawagar da ta zo neman ƙwayar beriberi. Kajin da yake gwaji da su suka fara shanyewa, bayan 'yan watanni kuma suka warke ba tare da an yi musu komai ba. Da ya bincika sai ya gano cewa a tsawon lokacin ciwon, ragowar farar shinkafar asibitin soja ake ba su. Da aka canja kuku, sabon ya ƙi yarda a ba kajin farar hula shinkafar soja, aka mayar da su kan shinkafa mai dusa. Abokinsa Adolphe Vorderman ya zagaya gidajen yarin Jaba ya ƙirga: inda ake cin gogaggiyar shinkafa, fursuna ɗaya cikin 39 na da beriberi, inda ake cin marar gugar, kimanin ɗaya cikin 10,000. Shi ma Eijkman ya fassara abin da harshen zamaninsa, ya ce akwai guba a cikin farar shinkafa, makarinta kuma yana cikin dusa. Magajinsa Gerrit Grijns ne ya faɗi magana daidai a 1901: dusar tana ɗauke da wani abu da jiki ba ya iya yi sai da shi.

A Malaya an lura da wani abu da zai ba mai karatu na ƙasarmu sha'awa. Leburori Indiyawa da ke cin shinkafar da aka turara da ɓawonta kafin a casa ba su cika kamuwa ba, Sinawa masu cin fara gogaggiya kuwa suna ta faɗuwa. Turarawa tana tura sinadarin daga dusa zuwa cikin ƙwayar, ta yadda casa ba ta raba shi da ita. Matan da ke turara shinkafa a ƙauyukanmu sun daɗe suna yin wannan aiki ba tare da an gaya musu sunansa ba.

Daga nan ilimin haɗa sinadarai ya karɓa. A 1912 Casimir Funk, ɗan Folan da ke aiki a Landan, ya ƙirƙiro kalmar da ta zama bitamin. A 1926 Jansen da Donath suka tace sinadarin tsantsa daga dusar shinkafa a Jaba. A 1929 aka ba Eijkman kyautar Nobel tare da Frederick Hopkins. A 1936 Ba'amurke Robert Williams, wanda ya fara bin sawun abin tun yana Manila a 1910, ya haɗa shi a ɗakin gwaji. Shi ne tayamin, ko bitamin B1. Kafin shekarun 1930 su ƙare, ana iya sayen sa a kwalbar allura.

Abin da tayamin ke yi a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kimanin kashi 20 na makamashinsa, kuma kusan dukkansa daga sukarin jini take samu. Ƙona sukari aiki ne mai matakai, kuma uku daga cikin sinadaran da ke tafiyar da waɗannan matakai ba sa aiki sai da tayamin, shi kuma tayamin ba ya aiki sosai sai da maganiziyam. A Okusfod, Rudolph Peters ya nuna a shekarun 1930 cewa a ƙwaƙwalwar tantabarar da aka hana tayamin, ƙonewar sukari tana tsayawa a rabin hanya tun kafin ido ya ga wata ɓarna a naman, kuma in aka zuba tayamin sai aikin ya ci gaba. Wannan ne asalin fatan da ake da shi: akwai wani ɗan lokaci da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke galabaice amma ba su mutu ba.

Ajiyar jiki kaɗan ce. Baligi yana buƙatar miligiram ɗaya da 'yan kai a rana, duk abin da jikinsa ke iya tarawa kuma bai wuce miligiram 30 zuwa 50 ba, wanda ke ƙarewa cikin mako biyu zuwa uku in babu mai shigowa. Mai shan barasa da yawa yana asara ta kowace kafa. Barasa tana ba shi makamashin da ke kashe masa yunwa ba tare da ta ba shi bitamin ba. Tana hana hanji tsotse ɗan abin da ya ci. Tana lalata hantar da ke ajiya. Tana fitar da maganiziyam ta fitsari. Ga amai da gudawa a kai. Sassan da suka fi saurin ƙona sukari su ne ke fara faɗuwa: cibiyoyin da ke juya ido, da masu daidaita tafiya, da wasu 'yan curi biyu masu girman wake a ƙasan ƙwaƙwalwa tare da maƙwabtansu, waɗanda ta kansu sabon abu ke bi kafin ya zama abin tunawa. Alamomin Wernicke uku da mantuwar Korsakoff duk daga wannan unguwa ɗaya suke fitowa.

A 1940 Leo Alexander, a Boston, ya nuna cewa tantabarun da aka hana tayamin suna samun ɗigon jini iri ɗaya da wanda Wernicke ya gani a jikin mutane. A 1941 Norman Jolliffe da abokan aikinsa a asibitin Bellevue na birnin New York suka ba da rahoton cewa shanyewar idon mashaya tana sakin su in an yi musu allurar tayamin.

Shaidar da ta fito daga sansanin fursunoni

Hujjar da ta rufe bakin masu cewa barasa ce gubar ta fito daga inda babu barasa. Da Singafo ta faɗa hannun Japan a watan Fabrairun 1942, dubban sojojin Birtaniya da Ostireliya suka koma rayuwa a kan farar shinkafa a sansanin Changi. Cikin 'yan makonni, musamman ga waɗanda atuni ya kama, aka fara ganin rashin cin abinci, da amai, da rawar ido, da ruɗewa. Likitoci biyu da ke cikin fursunonin, Hugh de Wardener da Bernard Lennox, suka riƙa rubuta abin da suke gani, suna lallaɓa ɗan tayamin ɗin da ke hannunsu. Waɗanda aka yi wa allura da wuri sun farfaɗo. Bayan yaƙi, a 1947, suka wallafa bayanin mutum 52 a mujallar Lancet, suka kira cutar beriberin ƙwaƙwalwa. Samari ne da aka ɗauka aikin soja da lafiyarsu. Abinci kawai aka canja musu.

Haɗa cutar Wernicke da ta Korsakoff wuri ɗaya aikin Maurice Victor da Raymond Adams da George Collins ne, a Boston. Littafinsu na 1971 ya bi diddigin marasa lafiya 245, an kuma binciki gawar 82 daga cikinsu. Kimanin kashi 17 cikin 100 sun mutu tun a zangon farko. Cikin waɗanda suka rayu, fiye da kashi 80 sun fito daga ruɗewar sun faɗa mantuwar Korsakoff, kuma daga cikin waɗannan kimanin rubu'i ne kawai suka warke sarai, wani rubu'in bai motsa ba ko kaɗan. Ashe cuta ɗaya ce mai zango biyu: na farko gaggawa ne da ake iya juyawa, na biyu tabo ne. Ido yakan fara gyaruwa cikin sa'o'i bayan allura, tafiya cikin kwanaki ko makonni, amma ƙwaƙwalwar da ta daina ajiye sabon abu sau da yawa ta daina ke nan.

Abin da gawawwaki suka tona

Da an ɗauka magana ta ƙare a nan, tunda ga dalili ga magani mai araha. Sai wani likitan binciken gawa a birnin Perth na yammacin Ostireliya, Clive Harper, ya fara ƙirga ƙwaƙwalen da ke zuwa teburinsa. A rahotonsa na 1983 ya sami tabon Wernicke a kashi 2.8 cikin 100 na gawawwaki fiye da 4,600. A 1986 shi da abokan aikinsa suka koma kan takardun asibiti na mutum 131 da aka tabbatar da cutar a gawarsu. Kashi 80 ba a gane suna da ita ba suna raye. Kashi 16 kacal ne suka nuna alamomin nan uku gaba ɗaya, kusan kashi 19 kuwa ba a rubuta musu ko ɗaya ba.

Wato alamomi ukun da ake haddace wa ɗaliban likitanci tun zamanin Wernicke sun zama tarko: likita yana jiran ya ga uku, cutar kuma yawanci ɗaya take nunawa, ɗayan ma ruɗewa ce, wadda ke da dalilai ɗari. Matsalar ta fi tsanani a ɗakin agajin gaggawa. An kawo mutum tsakar dare yana warin giya, yana tangaɗi, yana sambatu, idonsa na rawa. Maye ma haka yake. Janyewar barasa daga jiki, da buguwar kai, da faɗuwar sukari, da ciwon hanta, duk haka suke. Abu mafi sauƙi shi ne a kwantar da shi a gefe a ce gari ya waye giyar ta sake shi. Amma kama da wane ba wane ba ce, kuma babu gwajin jinin da zai raba gardama cikin daren. Hoton ƙwaƙwalwa ma yakan kasa nuna cutar ga kusan rabin masu ita.

Ostireliya ta amsa ta hanya biyu. An yi muhawarar zuba tayamin a cikin giya kanta, shawarar da wasu masana biyu suka kawo a Amurka tun 1978, amma aka ga kamar hakan zai sa a ɗauki giya abin gina jiki. Daga 1991 sai aka wajabta ƙara shi a fulawar burodi, kuma binciken gawa da Harper ya sake yi a Sidni bayan 'yan shekaru ya sami kashi 1.1. Hanya ta biyu ita ce sassauta ma'auni. A 1997 Diana Caine da abokan aikinta, har da Harper, suka kawo ƙa'idar cewa biyu daga cikin huɗu sun isa a ɗauki mutum a matsayin mai cutar: rashin cin abincin kirki, matsalar motsin ido, rashin daidaiton tafiya, da sauyin hankali ko raunin tunawa. Ƙa'idar ta yarda a yi wa wasu maganin da ba su buƙata, don kada a bar waɗanda suke buƙata.

Gardama uku a ɗakin gaggawa

A Amurka, tun daga shekarun 1970, ya zama al'ada duk wanda aka kawo a sume ba a san dalili ba a ba shi sukari ta jijiya, da makarin ƙwayoyin dangin ofiyam, da tayamin miligiram 100. Ga mashaya kuma akwai ledar ƙarin ruwa mai launin rawaya saboda bitamin ɗin da ke ciki, wadda ma'aikata ke yi wa laƙabi da ledar ayaba. Daga wannan al'ada gardama uku suka taso.

Ta farko ita ce wanne za a fara bayarwa. Tunda ƙona sukari yana cin tayamin, ɗura sukari a jikin da ajiyarsa ta kusa ƙarewa yana iya cinye ragowar. Wani rahoto daga Ailan a 1981 ya kawo mutum huɗu da cutar ta taso musu bayan ƙarin ruwan sukari, daga nan kuma aka mayar da shi doka cewa tayamin ne farko. Daga baya likitocin gaggawa suka sake duba hujjojin, suka ga cewa waɗanda abin ya shafa yawanci sun yi sa'o'i masu yawa ko kwanaki ana ba su sukari ba tare da tayamin ba. Faɗuwar sukarin jini kuwa tana lalata ƙwaƙwalwa cikin mintuna. Matsayar da aka tsaya a kai ita ce kada a jinkirta sukari ga wanda sukarinsa ya faɗi, a ba da tayamin tare da shi ko nan take bayansa.

Ta biyu ita ce allura ko ƙwaya. A 1989 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya yi gargaɗi cewa allurar haɗin bitamin B da ake amfani da ita, Parentrovite, takan jawo mummunan borin jini da ke iya kisa. Haɗarin gaskiya ne, amma ƙanƙani: rahoto kimanin huɗu a kowace allurar jijiya miliyan ɗaya. A wannan shekarar ma wani bincike a Amurka ya bi mutum 989 da aka yi wa allurar tayamin ta jijiya, mutum ɗaya ne ya sami matsala babba, ita ma ƙaiƙayin jiki ce. Duk da haka asibitoci da dama suka koma ba da ƙwaya. Alhali tun 1970 Allan Thomson ya nuna cewa hanjin mai lafiya ba ya tsotse fiye da miligiram huɗu zuwa biyar daga haɗiya ɗaya, kome yawan abin da aka haɗiya, na mashayi mai tamowa kuwa ƙasa da haka sosai. Gudun haɗarin da ba kasafai ake gani ba ya sa aka rungumi wanda ake gani kullum, sai dai shi wannan ba ya faruwa a gaban likita. Yana bayyana ne bayan watanni, a gidan kula da waɗanda ba sa iya riƙe kansu.

Gyaran ya zo a 2002, lokacin da Thomson da Cook da Touquet da Henry suka fitar da ƙa'idojin Kwalejin Likitoci ta Sarauta ta Landan, musamman don ɗakunan haɗari da gaggawa. Sun ce duk mashayin da ya nuna ko da alama ɗaya, ko ruɗewa, ko tangaɗi, ko matsalar ido, ko sanyin jiki da faɗuwar bugun jini marasa dalili, a ɗauka yana da cutar, a ba shi miligiram 500 ta jijiya sau uku a rana na kwanakin farko, a hankali cikin ƙarin ruwa, a inda ake da kayan ceto in bori ya taso. A kuma duba maganiziyam, domin in ya yi ƙasa tayamin ba ya kamawa.

Ta uku ita ce nawa ne ya isa, kuma wannan ba ta mutu ba har yau. Miligiram 100 da aka saba da shi an zaɓe shi ne bisa ƙiyasi a shekarun 1950. Masu goyon bayan babban awo suna kafa hujja da cewa tayamin ba ya daɗewa a jini, kuma sai ya yi yawa sosai yake kutsawa cikin ƙwaƙwalwa da sauri. Ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Turai ta tsaya a miligiram 200 sau uku a rana a 2010. Bitar Cochrane ta ce gwaje-gwajen da ake da su ba su isa a yanke awo ba, wani gwaji kuma da aka yi a asibitin Alice Springs na tsakiyar Ostireliya, aka wallafa a 2022, bai ga fifikon babban awo a fili ba. Saɓanin a kan adadi yake. A kan cewa ta allura za a bayar, da wuri, bisa zargi kawai ba tare da jiran tabbaci ba, babu mai ja.

Inda labarin ya taɓo mu

Najeriya tana da nata babi. A ƙasar Ijesha da kewayenta an daɗe ana fama da wata makyarkyata da tangaɗi da ke zuwa da damina. A farkon shekarun 1990 likita Bola Adamolekun ya danganta ta da cin wata tsutsar siliki, Anaphe venata, a tsakanin mutanen da abincinsu ya dogara da rogo da doya. Daga baya aka tabbatar tsutsar tana ɗauke da sinadarin da ke farfasa tayamin, wanda dafuwa ba ta kashe shi da sauƙi.

A arewa kuma abu biyu ne suka cancanci a kula. Na farko, inda shan giya abin kunya ne, mai sha yana ɓoyewa, dangin da suka kawo shi asibiti ma suna rufa masa asiri ko ba su sani ba, ruɗewarsa kuma ana iya kai ta wajen masu ruƙiyya kafin a kai ta wajen likita. Likitan da ke jiran a ce masa "yana sha" kafin ya tuna da tayamin zai daɗe yana jira. Na biyu ya fi faɗi. Mai juna biyu da laulayi ya hana ta riƙe abinci mako uku, da mai ciwon daji ko tarin fuka da ya rame, da wanda aka yi wa aikin hanji, duk suna kan hanyar da budurwar Wernicke ta bi. Mu kuwa mutane ne da suka yarda da ƙarin ruwa, har majinyaci kan ji ba a duba shi ba in ba a rataya masa leda ba. Ledar sukari bayan ledar sukari, kwana da kwanaki, ga jikin da ajiyarsa ta ƙare, ita ce ainihin yanayin da rahotannin likitoci suka yi ta gargaɗi a kai.

Tambayar da ta kamata a yi a bakin gado, ko likita ne ko ma'aikaciyar jinya ko ɗan'uwan da ke zaman jinya, gajeriya ce: yaushe rabon wannan mutum da cin abinci sosai? In amsar ta kai mako biyu, kuma hankalinsa ko idonsa ko tafiyarsa ta canja, to maganar tayamin ta taso, ko an ji warin giya ko ba a ji ba. Lokacin da allurar take da amfani kuwa kwanaki ne ƙalilan.